Bindigar da Na Bari Ajiya a Liyej

Matar da ta buɗe mini ƙofa ba ta taɓa jin sunana ba. Na nuna mata hoton ɗakin a wayata, da lambar gidan, da saƙonnin mutumin da na biya kuɗin haya tun ina Sakkwato. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce lallai ɗakinta ne a hoton, amma ita ba ta ba kowa haya, kuma ba ni ne na farko da ya zo da akwati yana neman mutumin nan ba. Ruwa ake yi, irin siririn nan da ba ya tsayawa. Ta shiga ciki ta fito da wata tsohuwar lema ta ba ni, ta kwatanta mini inda masallaci yake. Haka garin Liyej na ƙasar Beljiyam ya karɓe ni.

Sunana Nasiru. A unguwar Minanata ta Sakkwato gidanmu yake, mahaifina kuma ɗan kasuwar hatsi ne. Kimiyyar ƙasar noma na karanta a jami'ar da ke gefen Kwalkwalawa, daga nan na samu tallafin yin digiri na biyu. Ni mutum ne da nakan koma in taɓa kwaɗo bayan na kulle ƙofa, don haka har yau ban gane yadda aka yi aka damfare ni ba. Wataƙila mai yawan tsoro ya fi saurin yarda da wanda ya kwantar masa da hankali. Abin da ya fi damuna a ƙarƙashin lemar nan shi ne maganar mahaifina. Abu ɗaya ya roƙe ni: "Ban son tsaraba, ban son dukiya. Sunan da kat tahi da shi, ka maido min shi yadda yake." Ga shi tun ban kwana ba na zama mara masauki a ƙasar mutane.

A masallacin, bayan la'asar, ina zaune ina salati a hankali, ina yi wa kaina faɗa da Hausa, sai wani dogon mutum ya tsaya a kaina.

"Ɗan uwa, Hausa nika ji? Daga ina?"

"Sakkwato."

"Allahu akbar! Ni Isuhu, mutumin Ƙonni. Ashe maƙwabcina na. Mi ya same ka kaj jiƙe awa kazar da ta faɗa randa?"

Da na ba shi labari, sai da ya riƙe ciki don dariya. "Kai da kah hito Najeriya, a zo a damfare ka ƙasar Turawa? Don Allah kak ka hwaɗa ma kowa, ka rufa muna asiri." Yana dariyar yana ɗaukar akwatina. A ɗakinsa na sauka, a kan kafet, tsakanin firji da kekensa. Aikinsa kai wa mutane kayan cefane gida gida, kuma a cikin waɗanda yake kai wa akwai wani tsoho mai suna Anri, wanda 'yarsa Sofi take neman ɗalibin da zai zauna da shi: a ba shi ɗaki, shi kuma ya riƙa taimaka masa wajen hawa bene da cefane da tuna masa magani. Faransancina na makaranta ne da ɗan abin da na tsinta wurin 'yan Nijar a kasuwa, amma Isuhu ya ce ya isa a yi wa tsoho sannu.

Gidan siriri ne, yana bakin wata gangara. Tsohon ya tarbe mu da sanda, hannuwansa na rawa, idanunsa kuwa garau. Ya nuna mini ɗakina, ya nuna mini kicin, sannan ya buɗe ƙofar falo. Bangon gaba ɗaya kabad ne na gilashi, kuma a ciki, jere a kan koren ƙyalle, bindigogi ne. Ƙanana, wasu ba su kai tafin hannuna ba, amma dai bindigogi.

Na ja Isuhu gefe. Na ce masa da Hausa ba zan iya kwana a gidan nan ba.

"Wai don waɗanga? Sun girmi kakan kakanka. Ko ɓera ba su kashewa."

Shi wasa ya ɗauke shi, ni kuwa a wurina bindiga ba abin ado ba ce. Gwaggona Hajo da 'ya'yanta suna zaune a gidanmu tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu. Ban da wannan, ina tunanin takarduna. Baƙon ɗalibi, baƙar fata, a gida cike da makamai. Idan wani abu ya faru, wa za a fara tambaya? Washegari na je ofishin da ke kula da ɗaliban waje na tambaya. Ma'aikaciyar ta ce, iyakar saninta, irin waɗannan tsofaffin da ake ɗura wa albarushi ta baki a matsayin kayan tarihi doka ta ɗauke su. Na roƙe ta ta sake faɗa, ta sake. Na koma gidan ne don ba ni da inda ya fi shi, na kuma yi wa kaina alkawarin ba zan taɓa ko da gilashin kabad ɗin ba.

Sanyi ya shigo. Ban san rana tana iya yin makonni ba ta fito ba. Ina tafiya aji da duhu-duhu, in dawo an kunna fitilun titi. Kewar gida takan kama ni a wurare marasa dalili: wata rana a layin bas na tuna ƙamshin masar da ake toyawa a bakin titinmu da safe, sai na ji ƙwalla. A makon farko tsohon ya lura ba na cin abin da aka dafa a tukunyarsa. Bai tambaye ni komai ba. Sai ya sa Sofi ta kawo sabuwar tukunya da kasko da wuƙa, ya ɗaura musu jan zare a mariƙi, ya ce naman alade ba zai taɓa shiga cikinsu ba. Tun daga ranar na fara kiransa Baba. Ya tambayi ma'anarsa, na faɗa masa, ya ce to ba laifi, amma kada in sa ran gado. Ni ma na tuƙa masa tuwon semo da miyar kukar da mahaifiyata ta ƙulla mini. Ya kai loma, ya daɗe yana juya ta a baki, ya ce, "Ɗanɗanonta kamar ciyawar da aka yi wa addu'a." Amma ya cinye.

Duk ranar Lahadi da hantsi yakan buɗe kabad ya goge bindigoginsa da ƙyalle mai ɗan mai. Ni ina daga bakin ƙofa da littafina. Daga nan na fara jin tarihinsu ba tare da na nema ba. Ya ce a garin nan aka ƙera yawancinsu, a ƙananan maƙeru na cikin gidaje, kuma kakansa mai zane ne a jikin ƙarfe. Ya nuna mini yadda suke aiki: a zuba albarushi, a sa ƙwallon dalma, sai a ɗora wata 'yar hular jan ƙarfe mai kamar ƙwayar dawa a kan wani ɗan tsini. Idan 'yar gudumar da ke bayan tsinin ta faɗo kan hular sai wuta ta tashi. Harbi ɗaya ne, daga nan sai gudu. Na ce ashe 'yan uwan harba-ka-ruga ne na maharbanmu. Da na fassara masa sunan, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Wata Lahadi rawar hannunsa ta yi tsanani. Ya ɗauko mafi ƙanƙantarsu, sai ta kuɓuce masa. Ban san lokacin da na tashi ba; na dai gan ta a hannuna kafin ta kai ƙasa. Na tsaya riƙe da ita kamar garwashi.

"Ba komai a cikinta," in ji shi. "Duba."

Ya zura siririn tsinke ta bakinta, ya fitar, ya gwada tsawonsa a jikinta ta waje, don in ga ya kai har ƙarshe. Na ce ya sake. Ya sake. Sannan na kalle ta sosai. Ƙotarta ta katako ce mai duhu, ta yi sumul saboda hannuwa. A jikin ƙarfen an zana ganyaye sirara kamar aikin zare a wuyan riga. Kunamarta a ɓoye take, sai an ja gudumar baya take faɗowa, don kada ta maƙale a aljihu. Ya ce zanen hannun kakansa ne, kuma a ganinsa ba a taɓa harba ta ba.

"Ba sojoji ke sayen irin wannan ba," ya ce. "'Yan kasuwa ne da likitoci masu tsoron hanya. Su sa a aljihu, su riƙa taɓawa suna jin tana nan. Bindigar matsorata ce, irina da kai."

Daga ranar ni nake riƙewa, shi yana nuna inda za a goga. Nakan wanke hannu kafin da bayan, in kuma tabbatar labule a sake yake.

Da bazara ta yi, ya ce in raka shi taron masu tara irin waɗannan kaya a wani zaure a bayan gari. Na kawo uzuri iri-iri, amma ba zai iya ɗaukar akwatin bindigogin da sanda a hannu ba. A bakin zauren ya ce in jira shi, ya shiga bayi. Ina tsaye da akwatin sai mai gadi ya nufo ni. Fararen tsofaffi suna ta wucewa da irin akwatina, ba wanda ya dube su. Ya ce in buɗe. Na buɗe. Ya ja da baya, ya kai hannu kan rediyonsa, ya tambaye ni daga ina na samo su. Faransancina duk ya gudu. Abin da nake gani kawai shi ne mahaifina a rumfarsa, wani yana miƙa masa waya yana cewa ga hoton ɗanka. Sai na ji ƙarar sanda a kan daɓe.

"Sauke hannunka daga kan abin nan," in ji Baba Anri. "Kayana ne, wannan kuma yaron gidana ne. Ya fi ka sanin abin da ke cikin akwatin."

Mai gadin ya ba da haƙuri, ga tsohon dai, ba gare ni ba. A bas muna komawa, da muka kusa sauka, Baba Anri ya ce shi bai taɓa tunanin abin da akwatin zai zama a hannuna ba. Na ce ba komai. Gaskiya kuwa akwai komai.

Na gama karatu lafiya. Ana saura kwanaki in taso, Sofi ta shirya abincin rana na bankwana, aka gayyaci Isuhu. Sofi mace ce mai kirki amma a gajiye take, kuma ba ta ɓoye cewa ranar da mahaifinta ya koma gidan kula da tsofaffi, dillali za ta kira ya kwashe kabad ɗin. Bayan an ci, Baba Anri ya ciro ɗan akwati daga aljihun rigarsa ya miƙo mini. Mu a gida idan babba ya miƙo abu, hannu biyu ake sawa a rusuna, ba a tambayar mene ne. Jikina ya yi abin da ya saba kafin hankalina ya iso. Na karɓa, na ce na gode, Allah ya saka da alheri. Na buɗe. Ita ce, mai ganyayen.

"Ba na so ta faɗa hannun dillali," ya ce. "Kai ka tare ta ba ta faɗi ba. Taka ce."

Isuhu ya dube ni, ya ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "To, Malam Nasiru, sai mun zo ziyara gidan yari."

Ba wasa ba ne. Ko da a ce dokar can ta bari a fita da ita, abin da ban tabbatar ba, ni na san filin jirginmu. Saurayi ɗan Sakkwato, a wannan zamani, a buɗe jakarsa a ga bindiga, wa zai tsaya jin labarin kakan wani Bature? In kuma na mayar, na mayar wa mutumin da ya ɗaura wa tukunya jan zare domina abin da ya fi so a duniya. Isuhu ya ce in jefa ta kogi in yi shiru, ko in bar masa ya sayar mu sha shayi. Na ce ba zan iya ba. Ya ce ya sani, shi ya sa ya faɗa.

Na kira mahaifina da safe, lokacin da na san ya buɗe rumfa. Ina jin hayaniyar masu awo a bayansa. Ya saurara har na gama.

"Kak ka kuskura ka shigo min da bindiga gida," ya ce. "Gwaggonka na nan, ka sani."

"To, Baba. Sai in maida mishi."

"Ka maida ma dattijo kyauta? Wa ya koya maka hakanga? Mutumin da yar riƙe ka awa ɗa nai?"

"To yaya zan yi, Baba?"

"Kai ka yi boko, ba ni ba."

Daga nan ya shiga wani zance, kamar yadda ya saba idan ya gama yanke hukunci. Gero ya tashi, rufin zaure na yoyo, kuma Ardo ya aiko cewa saniyata ta sake haihuwa, mace. Wannan saniya jikar karsanar da kakana ya ba ni ce ranar sunana. Ba ta taɓa kwana a Minanata ba. Tana rugar Ardo a can bayan Kwalkwalawa, shi ke kiwonta, iyalinsa ke shan nononta, ni kuwa ganina da ita bai taka kara ya karya ba. Amma ko yaro a rugar ya san ta Nasiru ce, kuma ba mai sayar da ita. Har yau ban sani ba ko da gangan mahaifina ya kawo zancen. Na taɓa tambayarsa, ya ce shi labarin saniya kawai ya ba ni.

Da hantsi na sami Baba Anri a falo, Sofi tana haɗa masa magungunan mako. Na durƙusa a gabansa da akwatin, abin da ya sha hana ni. Da ya gan shi a hannuna fuskarsa ta canza.

"Ba ka so," ya ce.

Na ce ina so, na karɓa, tawa ce, ba kuma zan fasa ba. Sannan na ba shi labarin saniyata, da Faransancina mai ɗingishi. Na ce a wurinmu mutum yakan mallaki abu ya bar shi a hannun wanda ya fi shi iya kula da shi, kuma wanda aka ba ajiya ba ya sayarwa, ba ya kyautarwa, sai mai abu ya zo. Na ce ina roƙonsa ya riƙe mini.

Ya dubi akwatin, ya dube ni. Sai ya ce, "Ni ne makiyayin ke nan?"

"Kai ne Ardo, Baba."

"In na mutu fa? Na kusa, ka sani."

Na ce Allah ya ƙara masa lafiya, amma a al'adarmu ajiya tana komawa hannun magada, su ci gaba da riƙewa. Ya juya ya dubi 'yarsa, idanunsa na ƙyalli kamar yaron da ya ci wasa.

"Kin ji ko? Wannan ba ta cikin na dillali. Ta mutumin Sakkwato ce."

Sofi ta ajiye kwalbar magani, ta dube ni, ta dube shi. "Ku biyun nan kun haɗa baki," ta ce. Sannan ta ce guda ɗaya dai, ƙarama, za ta iya samar mata wuri.

Kafin in mayar da ita kabad, na ɗauki zare na auna tsawonta da faɗinta da kaurin ƙotar, ina ƙulli a kowane awo.

A filin jirginmu jami'in kwastan ya zazzage jakata kaf. Littattafai, cakulan na yara, tsohuwar lema, sai zare mai ƙulle-ƙulle. Ya ɗaga shi ya ce, "Wannan fa, laya ce?" Na ce awo ne. Ya jefa mini shi ya ce in wuce. Ban taɓa jin daɗin bincike irin na ranar ba.

Mahaifina ya ce kyauta irin wannan ba ta tafiya ba tukwici. Shi da kansa ya kai zaren wurin wani baduku abokinsa, aka ɗinka kube na jar fatar akuyar Sakkwato, da ado kore da baƙi a bakinsa. Wani ɗan uwan Isuhu da zai koma can ya tafi da shi. Da ya isa, Sofi ta kira ni ta bidiyo. Muna zaune a zaure, mahaifina ya matso yana leƙen wayar, Gwaggo Hajo ma ta tsaya daga bakin ƙofa. Baba Anri ya rame, amma idanun suna nan. Ya shinshina fatar, ya zura bindigar a ciki da hannuwansa masu rawa, ya girgiza. Tana motsi a ciki.

"Ya yi mata yawa," ya ce. "Nasiru, ka ƙara a kan awon, ko ba haka ba?"

Na ce na ɗan ƙara kaɗan a kowane ƙulli, don gudun kada ya matse.

"Na sani. Na ce wa Sofi sai ka ƙara." Ya zaro ta, ya naɗe ta a ƙyallenta mai mai, ya sake zurawa. Ta zauna daram. "Fata tana cin ƙarfe idan suka daɗe a manne. Da ka auna daidai, da ba wurin ƙyallen."

Mahaifina ya ce in fassara masa, na fassara. Ya gyaɗa kai, ya matso da bakinsa kusa da wayar kamar mai magana da kurma.

"Hwaɗa mishi mun gode da riƙon yaro. Kuma ka ce mishi saniyar nan da anka haifa, in Allah ya so, tashi ta. Tana wurin Ardo. Ya zo ya gani in ya samu hanya."